Kawu Alhasan da Farfesa Smith

Jama'a, yau Kawu Alhasan ya kashe ni!

Daga Paris ya taho Lyon kallon soutenance ɗina, wato kare kundin digirina. A bakin ƙofa ya tambayi ma'anar sunan malamina, Farfesa Smith. Na ce maƙeri, amma a Ingila suna ne kawai, ya cika gari.

Kun san Kawu Buzu ne, maƙera abokan wasansa. Sai ya dafa kafaɗar Baturen, da Faransanci ƙarara: "Ashe kai bawana ne!"

Innalillahi! Farfesa ya yi jajir. Na yi ta bayani.

Yanzu Farfesa da sauran malamai suna ciki suna yanke sakamakona. Kawu kuwa ko a jikinsa: "Kwantar da hankalinki, 'yata. Maƙeri bai isa ya kayar da jinin ubangidansa ba."