Inna Mai Kwalabe, Uwar Jemagu

Kafin malami na farko ya ajiye motarsa, Inna ta riga ta buɗe tagogin ɗakin gwaje-gwaje. Takan rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta zura farar rigar aiki wadda ta yi mata yawa, ta naɗe hannuwan rigar, ta tsaya gaban famfo. Kwalaben jiya suna jiranta a baho: masu dogon wuya, masu faɗin baki, da ƙananan da ake ɗebo ruwan rijiya a ciki. Ta wanke, ta ɗauraye da tataccen ruwa, ta ɗaga kowace ta duba a hasken taga, sannan ta kife. Daga nan sai ta koma kan ƙasar da ɗalibai suka ɗebo. Ta baza a faranti, ta shanya, ta daka a ƙaramin turmi, ta tankaɗe a rariya. Haka take yi tun ba a haifi wasunmu ba, har watan jiya da gwiwoyinta suka ƙi, ta ajiye aiki.

Mu da muka karanta muhalli da kimiyyar ƙasa ba mu da gida a jami'a. Da safe muna wurin masu sinadarai, da rana muna wurin masu duwatsu, da yamma mu tsinci kanmu cikin masu nazarin tsirrai, wani lokacin har ajin masu shari'a. Ko'ina muka je baƙi ne mu, kujerun baya ne namu. Sauran ɗalibai suka laƙaba mana jemagu, ba mu a tsuntsu ba mu a dabba.

A shekararmu ta farko, wata rana muka dawo daga bakin rafi da ledojin laka, ruwa ya kece, muka rakuɓe a baranda don babu ɗakin da za mu ce namu ne. Sai ga wata dattijuwa ta leƙo da buroshin wanki a hannu.

"Ku kuma 'ya'yan wane sashe ne?"

"Ba mu da sashe, Inna," in ji wani daga cikinmu.

"To, ɗan da ba shi da uwa ma ai ba a barinsa a ruwa. Ku shigo. Amma takalman nan su tsaya a waje, yanzu na goge."

Bayan ɗakin gwajin akwai wani ɗan sito mai kantoci har rufi, cike da duwatsu da buhunan ƙasa, ga benci guda da butar shayi. Nan ta ajiye mu, nan muka zauna har muka gama. A nan muka yi bitar jarrabawa, a nan muka yi faɗa muka shirya. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wannan bencin nake tunawa.

Ba ta rasa tsokana. Takan dubi lodin da muka kawo ta riƙe haɓa. "Ni abin nan yana ɗaure min kai. A gida in yaro ya ɗebo ƙasa a riga sai ya sha duka. Nan kuwa digiri ake ba shi." Amma ba ta taɓa karɓar leda ba tare da ta tambayi labarinta ba. Daga ina? Akwai itatuwa a wurin? Ruwan yana gudu ko a kwance yake? Ba ta taɓa bin mu daji ba, aikinta bai ba ta dama ba. Sai ta murza ƙasar a tsakanin yatsu tana saurare, idonta a kan taga, kamar mai jin labarin garin da ta baro.

Ke ce, Inna, kika goya ɗan ƙawata. Ƙawar nan tawa ta yi aure muna aji biyu, kuma lokacin fita daji na shekarar ƙarshe ya same ta da yayayyen yaro, mijinta yana aiki a nesa, danginta ba sa kusa. Wanda bai fita ba sai ya maimaita shekara, ita kuwa ta riga ta ce in hakan ta faru ta haƙura da karatun. Ta zauna a sito tana kuka, yaron yana ja mata gyale. Ke ba ki lallashe ta ba. Cewa kika yi, "'Yar nan, share hawaye ki je ki haɗa kaya. Wannan mijin nawa ne, ki bar min shi." Da muka dawo muka tarar ya yi kumatu, ya ƙi uwar tasa, ya maƙale a zaninki.

Akwai kuma wani ɗan ajinmu da muke kira Mai Guduma, don ko masallaci za shi da gudumar fasa dutse a jakarsa. Mahaifinsa tela ne, ya turo shi da burin ya zama likita, bai samu gurbi ba ya faɗo cikinmu. Wata rana da hantsi sai ga dattijon da kansa, ransa a ɓace, ya zo tafiya da ɗansa. Bai sami malami a ofis ba, aka nuna masa ɗakin Inna. Muna cikin sito muna jin komai.

"Baiwar Allah, ki faɗa min gaskiya. Me yaran nan suke karantawa? Na tambaye shi, ya lissafa min abu goma, babu ɗaya da zan iya faɗa wa maƙwabta."

"Malam, zauna ka sha shayi. Ni ba malama ba ce, kwalabe nake wankewa."

Ya zauna. Ta miƙa masa kofin shayi. Sai ta ce, "Ɗana na fari bai kai shekara uku ba ya rasu. Rijiyar unguwarmu ce, ashe wani abu yana tsiyaya cikinta daga bayan wata masana'anta. Ruwan garai-garai, ba wari ba launi. Likita ya yi iya ƙoƙarinsa, amma shi marar lafiya ake kai masa, ba a kai masa rijiya. Sai da muka binne yara da yawa kafin wani ya zo da 'yar kwalba irin wannan ya ɗiba. Da ya zo da wuri, da yanzu ina da jikoki ta wajensa. Ɗanka irin mutumin nan zai zama. Abin da na sani ke nan."

Shekara uku muna tare da ita, ba mu taɓa jin wannan ba. Babu wanda ya motsa a sito. Dattijon ya daɗe yana juya kofi a hannunsa, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa." Ya miƙe ya kira ɗansa waje. Abin da ya ce masa kawai shi ne ya riƙa zuwa gida ana ganinsa. Mai Guduma ya gama karatunsa, yanzu aikinsa ke nan, bin ƙauyuka yana gwada ruwan sha.

Mun watse kamar yadda ɗalibai suke watsewa, kowa da inda abinci ya kai shi. Na yi ta cewa zan je, zan je, har na ji ta yi ritaya. Makon jiya na nemi gidan. Na same ta a tabarma, ta miƙe ƙafafu, jikarta ta wajen 'yarta tana shafa mata magani a gwiwa. Tun daga sallama ta gane muryata. Ta bi 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, har waɗanda ni na manta. Da na ce ta huta yanzu, sai ta yi dariya.

"Hutu? Shekaranjiya sai da na yi wanka na ɗauki jaka na kai bakin ƙofa, sannan na tuna babu inda za ni. Gidan nan shiru ya yi masa yawa, 'yata. Na saba da hayaniyarku."

Inna, uwar marasa sashe, mun gode. Sunanki ba ya kan takardar shaidar kowa a cikinmu, amma babu wanda ya karɓe ta ba da hannunki a ciki ba. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa abin da kika yi mana ya tarar da ke a inda ya fi.

Ku kuma da kuke aiki inda yaran mutane suke wucewa, ko shara kuke yi ko tsaron ƙofa, ku ɗaga kai ku dube su, wani a cikinsu kalma ɗaya kawai yake jira. Wanda kuma yake da irin Inna a rayuwarsa, ya je tun tana jin sallama.

Da zan tafi na hana ta tashi, ta ƙi. Ta dafa bango ta rako ni har ƙofar gida. Na yi nisa na waiwaya, tana nan tsaye, ta kare rana da tafin hannu tana kallona. A cikin mota na fara kiran 'yan ajinmu.