Ƙashin da Ban Dafa Sau Uku Ba

Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake yi ana rubuta mini. In na yi shiru, kuka ne.

Maigidana kafinta ne a Dawaki, amma an fi saninsa da adon jita. Mawaƙan majami'a da masu kiɗan otal suna kawo masa, ya dasa musu fararen furanni a wuyanta. Yakan zana furen da fensir, ya rarake katakon da wayar laima da ya wasa ta zama ɗan kurfin sassaƙa, ya yanko ƙashi da ƙaramin zarto, ya goge da magagari har ya zauna daram a ramin. Inda ɗan gibi ya rage, ya cike da garin katako da gam.

Ƙashin aikina ne. Ƙwaurin shanu nake karɓowa a kwata, in dafa da kanwa sau uku, ina zubar da ruwan, in shanya kwana bakwai. Ya sha gaya mini, "Uwargida, ƙashi yana ɓoye mai. In bai fita a tukunya ba, zai fita a katako."

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wani malamin makaranta ya kawo sabuwar jita. A makon nan ƙanwata ta haihu a Nasarawo, hankalina yana can. Sau ɗaya na dafa ƙashin. Na ga ya yi fari, na shanya.

"Sau uku?" in ji Maigida.

Na ce, "Sau uku, Maigida."

Zafin bazara na shigowa, malamin ya dawo da jitar. Kowane fure ya yi rawaya, maiƙo ya kewaye shi, biyu sun faɗi. A gaban mutane ya ce, "Ashe sunan ne kawai, aikin babu!" Maigida ya ce laifin hannunsa ne. Ya nemo masa wata, ya rataye wannan a ɗakinmu. Daga nan masu kawo aiki suka ragu.

Bai sake tambayata ba. Sai dai tun ranar, duk ƙashin da na ba shi, yakan ɗora a kan farar takarda cikin rana, ya zauna yana dubawa ko maiƙo zai fito. Ina kallonsa daga madafa. Kullum in ce gobe zan faɗa masa.

Shekara huɗu ina goben nan. Wata safiya ya tafi sayen katako, babbar mota ta buge shi a hanyar Bauchi. Da aka kawo shi an riga an rufe fuskarsa.

Jitar tana nan a kan ƙusarta. 'Ya'yana sun ce in bari a gyara, na hana. Yau dai na faɗa, a rubuta yadda yake: sau ɗaya na dafa, Maigida. Sau ɗaya.