Ruwan Gishiri a Idon Inna

Innata ba ta taɓa kiran sunan wana ba yana raye. Ɗan fari ne, ita kuma mace ce mai kunyar gaske. "Yaron nan" take ce masa har ya yi gemu, har ya zama shi ke tuƙa babban jirgin da ke ƙetarar da buhunan gyaɗa daga Gaya zuwa Malanbil. In ya shigo gida sai ta kau da kai. In ya fita sai ta tambaye ni ko an ba shi tuwo, da muryar wadda abin bai dame ta ba. Ni kuwa da bakin nan nawa da ba ya shiru sai in ce, "Wa fa, Inna?" Sai ta jefe ni da mafici. Da ya rasu, abin da ta nema bai wuce ta yi masa hawaye ba, shi ma ta rasa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Bandar kifi ce sana'armu. Ko bayan aurena kullum ina zuwa in kama mata, don gidan mijina a bayan namu yake. Na tashi na ga idon Inna yana zubar da ruwa cikin hayaƙi kamar na kowa. A shekarun da Nasara suka fara aikin gada a kan gulbi ne ruwan idon ya ɗauke. Sai ta riƙa cewa kamar an zuba mata rairayi a ido. Da safe fatar idon ba ta buɗuwa sai ta sa yatsa. Bakinta ma ya bushe, loma ba ta wucewa sai da kurɓin ruwa, goron da take so kamar ranta ta daina ci.

Matan unguwarmu kuwa kowacce likita ce in ciwon ba a jikinta yake ba. Duk suka ce ƙarancin kwalli ne. Wannan ta kawo nata ta ce daga Makka aka zo da shi, waccan ta ce nata na gado ne. Inna ta yi ta rambaɗawa, idon yana ƙara ja.

Wana ne ya fara gane abin ya fi ƙarfin kwalli, shi da ba a yarda ya dubi fuskarta sosai ba. Ya tare ni a bakin gulbi ya ce, "Ki kai ta gidan likita. Kada ki ce ni na ce."

Likitan wani mutumin Dahome ne, Hausarsa a karye. Ya ja fatar idonta ya leƙa, ya ce inda hawaye ke fitowa ya ƙafe, shi kuma ba shi da abin da zai maido shi. Ya ba mu kwalbar dafaffen ruwa mai ɗan gishiri, ya ce a riƙa ɗiga mata, a ɗora tsumma mai ɗumi a kan idon safe da yamma, ta bar kwalli, ta bar hayaƙi.

Inna ta ce, "In bar hayaƙi in ci mi?"

Kwallin dai ta bari. Wutar bandar kuma na karɓe ta da faɗa, ita ta koma gyaran kifi a inda iska ba ta kai hayaƙin. Ta samu sauƙi, ba warkewa ba. In kwalbar ta ƙare in je a sake cika ta.

Ana cikin haka gulbi ya cika, jirgin wana ya kife da kaya a tsakiyar ruwa. Yaran jirginsa sun fita, shi bai fita ba. Masunta suka tsinto shi can ƙasa da gari.

A zaman makoki ni na yi kukan har muryata ta dushe. Inna tana zaune a kan tabarma, haɓarta tana rawa, idon nan a bushe ƙamas. Matan da suka zo gaisuwa, waɗanda suka cika ta da kwalli, sai suka shiga yabonta. Wata tsohuwa ta ce, "Kun ga mace. Ɗan fari, ko ɗigo ba ta yi mishi ba. Kunya ta ƙare a nan." Sauran suka yi ta gyaɗa kai. Na so in tashi in kore su da muciya, mijina ya aiko a ce mini in kama bakina.

Bayan an watse da 'yan kwanaki na shigo da hantsi, na tarar da hayaƙi ya turnuƙe bayan gida, alhali ba mu da kifi ko ɗaya. Inna ce ta hura wuta da ɗanyen itace, ta durƙusa ta kafa fuskarta a ciki, ido buɗe. Na janye ta ina faɗa, na ce so take ta makance?

Ta ce, "Da can hayaƙi na kawo hawaye. Na ce ko zai kawo mini kaɗan." Ta dafa ƙirjinta. "Ɗiyata, duk abin da ban gaya mishi ba yana nan, ba shi da wurin fita. Su kuma yabona suke."

Na zaunar da ita a inuwa, na ɗauko kwalbar, na ɗora kanta a cinyata. Idon ya yi ja kamar gauta. Na karkata kwalbar, sai ruwan ya zubo fiye da yadda nake zubawa, ya cika idon ya gangaro ta kumatunta. A nan na karya alkawari, na gaya mata wanda ya ce a kai ta gidan likita.

Na kama bakin zanena zan goge mata, ta riƙe mini hannu ta ce, "Bar shi."

Ruwan yana bin fuskarta har wuya. Sai ta buɗe baki ta kira sunansa, a hankali, kamar yana ɗaki yana barci.