Warƙoƙin Littafin Malam Yero

Ba zan ce muku abokai ne suka lalata ni ba, don ba ni da su. A unguwarmu ta Kwarbai, idan uwa za ta yi wa ɗanta faɗa, da ni take ba da misali. Da safe ina kwalejin horon malamai, da yamma ina zaure wajen karatun littattafai. Ko gaisuwa na yi sai an ce in ɗaga murya. Abin da aka san ni da shi kyan rubutu ne. In na zura wa hannun mutum ido, ina iya kwaikwayonsa har shi kansa ya yi kokwanto.

Dukanci kuwa na shige shi ne saboda bangon wani littafina da ya yage. Na kai wa Kawu Tanimu, ƙanin mahaifiyata, wanda ke da rumfa kusa da kasuwa. Shi ke yi wa malaman cikin gari gafaka, jakar fatar da ake ajiye littafi a ciki. Na zauna ina kallon yadda yake shimfiɗa jar fatar akuya a kan katako, ya ja layi da bayan wuƙa, ya huda da tsinke, zaren fata ya bi ramin. Har ya gama ban motsa ba. Washegari na dawo ba tare da an kira ni ba.

"Ɗan boko da dukanci?" in ji shi. "Warin jima kaɗai ya isa ya kore ka. To, ga dutse, ga wuƙaƙe, wasa mini su."

Wata da watanni ba abin da nake yi sai wasa wuƙa da shara da dama sitacin manne. Ya koya mini gane fata da hannu: wadda ta sha bagaruwa sosai takan yi laushi, wadda aka yi wa gaggawa a majema takan yi ƙara in an lanƙwasa ta. Ya nuna mini ja na karan dafi da baƙin kuloko, da yadda ake murza fata da gindin kwalba har ta yi sheƙi. Amma cikakkiyar fata bai taɓa bari na sa mata wuƙa ba, tsinkensa kuwa ko taɓawa ba a yi.

Satata ta farko guntun fata ne da bai kai tafin hannu ba. Na tsince shi cikin shara, na sa aljihu, na ce ai zubarwa za a yi. Daga baya na daina jiran shara. In Kawu ya tafi salla, sai in rage gefen fatar da aka kawo aiki, siriri, daidai yadda ido ba zai kama ba. Ba wanda ya taɓa ganewa, kuma wannan ya fi fatar yi mini daɗi.

A lokacin nan ne, shekarun da ake bin layi don sayen sabulu da madara, wani mutum ya fara zuwa rumfar. Sale sunansa, dillali ne mai kai wa baƙi Turawa kayan gargajiya a otal-otal na Kaduna. Kawu ba ya sake masa fuska. Ni kuwa ya ga wani ɗan alabe, jakar kuɗi ta fata, da na ɗinka da guntayen da na tara, ya juya shi, ya ce, "Ustazu, wannan hannun naka ne? Kuma tsohon nan ya bar ka kana dama sitaci?"

Da ya sake zuwa, sai ya tare ni a hanya ya miƙo mini ƙunshi. Wuƙar dukanci ce sabuwa, da tsinkaye manya da ƙanana, da basilla, da ƙarafan buga ado masu zanen tauraro da ganye, ga kuma fatar akuya guda cur. Ya ce kyauta ce. Na san ba kyauta ba ce. Na karɓa ina sane, kuma ina so ku riƙe wannan, don mutane da yawa sun so su ce yaudarata aka yi.

Na buɗe ɗan wurin aiki a ɗakina. Da yake malamai sun san ni ɗalibi ne mai ladabi, kuma ɗan 'yar'uwar Tanimu, suka fara ba ni gyaran tsofaffin gafakokinsu in tafi da su gida. Abin da Sale yake so ke nan. In an ba ni gafakar da aka gada tun kakanni, sai in ɗinka irinta sak, in rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, in shafe ta da man shanu da toka, in goge bakinta da dutse har ta yi kama da wadda ta sha hannu. Mai ita ya karɓi sabuwa yana sa mini albarka, tsohuwar ta tafi Kaduna. Na riƙa gaya wa kaina ai na ba su wadda ta fi ƙwari.

Sai wata rana Sale ya ce, "Jaka kawai kake kawo mini. Abin da ke ciki fa? Baturen nan warƙa yake so, takardar cikin littafin, mai jar tawada da zane, ya sa a gilashi ya rataye."

Tsofaffin littattafanmu na rubutun hannu ba a ɗinke suke ba. Warƙa-warƙa ne, a jere tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata. Zare guda daga tsakiya ba wuya. Kuma ni na yi karatu, na san babin da ake buɗewa kullum da wanda ake shekara ba a leƙa ba.

Malam Yero shi ne malamin da nake ɗaukar fiƙihu a zaurensa, dattijo ne da idonsa ya fara rauni. Ya ba ni babban littafin da ya gada wurin mahaifinsa don in gyara masa bango. Da ya miƙo mini shi, da hannu biyu ya miƙo. Na zaɓi babin rabon gado, saboda a nan ne aka zana gidaje-gidajen lissafin rabo da jar tawada da rawaya. Na zare warƙoƙin, na samo tsohuwar takarda na turara ta da hayaƙi, na kwafe matanin baƙi bayan baƙi, ko ɗigo ban tsallake ba. Na zana gidajen yadda suke. Bangon ma na musanya shi da sabo da ya sha hayaƙi, yadda nake yi wa gafakoki.

Abu ɗaya na bari. A gefen kowace warƙa akwai wani ƙanƙanin rubutu, a karkace, wani ya hau sama, wani ya gangara, rabi Larabci rabi ajami, tawadar duk ta koɗe. Ni mai son tsabtar shafi ne. Na dube shi na ga ƙazanta ce irin ta ɗalibai, na ce ba mai neman wannan. Na bar gefen fari tas, har ina jin na gyara littafin.

An daɗe shiru. Sai aka yi rasuwa a wani babban gida wajen Kufena, rabon gado ya rikice, aka zo wurin Malam Yero. Ya sa aka ɗauko littafin a gaban magada da almajiransa manya. Ya buɗe babin, ya kai yatsa gefe, inda mahaifinsa ya warware irin wannan matsala da hannunsa. Bai sami komai ba.

Da hantsi ya zo rumfar Kawu da littafin, ina zaune ina fiƙe zare. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye warƙar a kan katakon yanka ya ce, "Tanimu, tambayi yaronka, ina rubutun babana?"

Kawu ya dube ni. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai komai na nan, ba kalmar da ta ɓace."

"Na marubucin littafi na nan," in ji shi. "Na Malam, mahaifina, nake tambaya."

Kawu ya ɗauki bangon da na yi, ya shinshina, ya kankare gefensa da farce, sabuwar fata ta bayyana a ƙarƙashin hayaƙin. Ya zauna a ƙasa. Kafin azahar duk wanda na taɓa yi wa gyara ya ciro gafakarsa yana kankarewa. 'Yan sanda ne suka fitar da ni daga hannun jama'a. Sale kuwa ba a sake ganinsa a Zariya ba.

A gaban alƙali wani ɗan'uwan mahaifina ya roƙa a sassauta, wai yaro ne mai kunya, dillali ne ya ruɗe shi. Na ce a'a. Na ce ni na zaɓi babin, ni na turara takardar. Ranar ce na fara jin muryata ta cika ɗaki. Aka ɗaure ni, kwaleji ta kore ni, malamai suka janye aikinsu daga rumfar Kawu, mutumin da bai ci komai a ciki ba.

Ba zan ba ku dogon labarin gidan yari ba. Akwai ƙwarƙwata, akwai gabza, abincin fursuna, akwai mutanen da kowannensu ke cewa sharri aka yi masa. Ni kaɗai ne a ɗakinmu nake cewa na yi, har suka ɗauka taɓin hankali gare ni. An sa ni a sashen gyaran takalman ma'aikata, ina ɗinki da zaren roba, hannuna bai mutu ba.

Da na fito, gari ya cika da 'yan acaɓa, yaran da na bari sun yi gemu. Dangi sun riga sun gama shawara: a tura ni Legas wurin wani ɗan'uwa mai sayar da goro, inda ba wanda ya san ni. Na ce ba inda za ni. Mahaifiyata ta yi kuka ta ce, "Kana so kullum a nuna ni da baki?" Na ce, "Inna, in na tafi ma za a nuna ki, kuma ba mai amsawa. Gara ina nan a nuna ni."

Wurin Malam Yero na fara zuwa. Idon ya tafi gaba ɗaya. Na durƙusa a bakin zaure na faɗi sunana.

Ya ce, "Haƙƙina na yafe tuni. Abu ɗaya nake so. Kai ne mutum na ƙarshe da ya riƙe warƙoƙin nan. Kana da kaifin ƙwaƙwalwa, na sani. Faɗa mini abin da Malam ya rubuta a gefe, ko layi ɗaya, yaran nan su rubuta."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban karanta ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Sannan ya ce da almajirin da ke gabansa ya ci gaba da karatu. Wannan ya fi mini zaman gidan yari ciwo, kuma har yau bai daina ba.

Kawu Tanimu ya ce kada in sake taka rumfarsa, kuma yana da gaskiya. Kayan aikin Sale suna can inda kotu ta ajiye su, ban nema ba. Na je wurin mai gyaran keke na roƙi tsinken waya da ya karye, na wasa shi a dutse, na dasa masa ƙota da reshen darbejiya. Maƙeri ya fitar mini da wuƙa daga tsohon zarto. Na sami kwalbar lemo da guntun katako. Na tafi majema da ƙafa na sayo fatar tunkiya mai huji, wadda kowa ya ƙi. Na shimfiɗa buhu a ƙofar gidanmu, a bakin hanya, inda duk mai wucewa masallaci zai gan ni.

Na sha magana. Yara suna wucewa suna cewa ɓarawon littafi. Wani maƙwabcinmu, Ɗanlami tela, kullum sai ya leƙo ya ce, "Ustazu, yau tsohuwa ake yi ko sabuwa?" Nakan ce, "Sabuwa, Ɗanlami, zo ka kankare." Kuben wuƙa nake ɗinkawa, da igiyar takalmi, da alabe. Littafi kuwa ba mai kawowa.

Sai wata ranar kasuwa wani manomi daga ƙauye ya tsaya da kekensa, ya kwanto Alƙur'ani a naɗe cikin tsumma, ya ce gafaka yake so. Ɗanlami ya ɗago daga kan kekensa na ɗinki ya yi ihu, "Baba, ƙirga warƙoƙinka kafin ka ba shi! Daga gidan yari ya fito, a kan littafi!"

Mutumin ya tsaya da littafin a hannu yana dubana. Na ce, "Gaskiya ya gaya maka, Baba. Kada ka ba ni. Zauna nan ka riƙe shi a cinyarka, in auna da zare."

Ya jingine keken ya zauna. "To, auna," ya ce. "Amma ka yi sauri, ina da taki da zan saya. Shi wancan mai ihun, shi ma ɗinki yake yi ko gadinka aka ba shi?"

Na auna tsawo da faɗi da kauri, littafin bai bar cinyarsa ba. Haka nake aiki har gobe. Littafin mutum ba ya kwana a wurina, ba ya shiga ɗakina, ko mai shi ya roƙe ni.

Ku samari masu sha'awar wannan sana'a, ku shigo, sana'a ce mai kyau, kuma kada wani ya ce muku ita ta kai ni gidan yari. Ku fara da abin da hannunku ya samu. Guntun fatar da ke cikin sharar maigida nasa ne har sai ya ce ku ɗauka, ku buɗe baki ku tambaya. Wanda ya ba ku kayan aiki alhali bai san ku ba, ku mayar masa tun a hanya. In ana yabonku da shiru da ladabi, ku ji tsoron kanku fiye da kowa, don ku ne ba a bincika. Kuma duk abin da aka ba ku amana, kada ku yanke hukuncin wane ɓangarensa ne ba shi da amfani. Ba ku san inda mai shi zai kai yatsa ba.

Ni dai na tuba, Allah ya sani, kuma ba na roƙon kowa ya manta. Ina nan ƙofar gidanmu a Kwarbai. Mai son zagi ya san wurin, mai son gafaka ma ya zo da littafinsa ya riƙe.