Gidan da Hilja Ta Jira

A ƙauyen Hilja, can gabashin Finland, ango yakan fara gina sauna, ɗan ɗakin wankan tururi, su zauna ciki shi da amarya kafin babban gida ya tashi. Hilja ta shiga nata da akwati ɗaya, bisa alkawarin shekara guda. A ciki ta haifi 'ya'yanta, a ciki ta yi furfura.

Abin haushin, mijinta Reino shi ne gwanin gina gidan gungume na yankin. In ya sassaƙe itace da gatari ya ɗora kan wani, ya cusa gansakuka a tsakani, ko iska ba ta samun hanya. Sai dai bakinsa bai iya cewa a'a ba. Kowane hunturu zai sare itatuwa, ya ɓare su, ya jera su sha iska. Da sun bushe, sai gobara ta ci rumbun wani, ko wata bazawara ta zo da kuka. Hilja tana tsaye za a ja gungumenta da doki, Reino yana ce mata aro ne.

Gayyar kowa ya je. Da nasa lokacin ya zo, ta kwana biyu tana gasa burodi, ta cika tukunya da miyar kifi, ta dafa kofi mai isar gari guda. Tsofaffi biyu suka zo, ɗaya da sanda. Samarin duk sun tafi Sweden aikin masana'anta. Bango ya kai ƙirjin mutum ya tsaya, don babu mai ɗaga gungume sama da nan. Ranar ta yi kukan takaici a bayan murhu.

Da kaka maƙwabcinsu Eino ya zo sallama, shi ma zai bi ɗansa. Ya ce gidansa ga shi nan, su shiga, kada ya ruɓe a banza. Reino ya ce shi ba ya kwana a gidan wani alhali nasa na hanya.

Hilja ta naɗe bargonta ta ɗauki butar kofi.

"Ina za ki?"

"Gidan da ka gina, tsoho. Na gaji da jiran nawa."

Ta bar masa abinci a rufe. Har ta kai bakin tafki tana jin sarar gatarinsa, shi kaɗai.