Baba Tanimu da Kujerarsa ta Katako

'Yan guruf ɗin Zauren Asabar, don Allah wa ya taɓa ganin mutum ya zo kallon kiɗa da kujerarsa ɗaure a bayan keke in ba Baba Tanimu mai ɗinkin riga ba? Ga kujerun roba nan reras a zaure, amma ina! Sai ya kwance tasa ta katako, ya karkaɗe ta da gefen riga, ya dasa ta a layin gaba daidai saitin mai gurmi. Wai kujerar roba ba ta da tarbiyya, ana tsakiyar waƙa sai ta yi ƙiii.

Ga sababbin shiga: zauren nan wani tsohon soro ne a cikin birni, ɗan mitsitsi, ana zama bayan la'asar a tashi kafin magariba. Ni kuma Nazifi ne, wannan ɗan jami'ar mai shegen surutu. Yau na rubuta jarabawar ƙarshe, jama'a, na gamaaa! An zane min riga da alƙalamin maka, an sha ihu, an sha hoto. Wallahi sai da na hau acaɓa na ce "cikin birni" sannan na tuna ba wanda zan tarar. Shi ya sa nake damun ku.

Zuwana na farko ban san kowa a Zariya ba, ɗaki ne kawai da ni a Gyallesu da katifa. Na shigo zauren ya cika, sai kujera ɗaya a gefen wani tsoho. Na ce kai, yau na dace! Ashe gudun ta ake yi. Sale mai gurmi na fara taɓawa na ɗaga waya zan ɗau bidiyo, kawai sai na ga laimar tsohon ta buɗe fat a gaban kyamara.

"Samari, kunnenka ya lalace ne?"

"A'a, Baba."

"To me ya sa ka ba waya ta ji maka?"

Ya dizga ni a gaban jama'a, ba ƙarya. Amma Asabar ta gaba da na zo, sai na tarar ya ɗora laimar a kan kujerar nan. Ya ɗauke ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Ka makara." Shi ke nan fa, na zama ɗan gefensa.

Kun tuna ranar da aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu ana cikin amshi? Kowa na tsaki, shi kaɗai ya tafa. "Alhamdulillahi! Yanzu za a fara kiɗa." Da ranar da Malam Bitrus, tsohon tica ɗin nan na Wusasa, ya kawo jitarsa? Baba ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Garaya ce dai, ta yi boko ne ta ƙi gida." Malam Bitrus ya ce, "Tanimu, kai ma da ka yi bokon da ka san kujera ba ta hawa keke." Ranar har Sale sai da ya ajiye gurmi don dariya.

Liƙi kuwa sai a hankali. Mutane na manna wa Sale kuɗi, Baba zai fasa goro ya miƙa masa ɓari ɗaya.

"Baba, ɗayan fa?"

"Yana nan. Ka gyara tsirkiyar ƙasa ka zo ka karɓa."

Sai babbar maganar, wadda duk muka tsokane shi a kanta. Kun san ƙarshen zama Sale kan bi layi yana ambato, wane mijin wance, baban wane da wane. To da ya doso layin gaba, Baba zai miƙe, wai alwala. Kullum! Muka ce rowa ce, gudun liƙi yake. Har suna muka sa masa, Alwala Dole.

Wata Asabar na fita amsa kira, sai na gan shi a bayan soron, tsaye jikin taga shi kaɗai, ba buta ba ruwa, ya jingina kai yana saurare.

"Baba, ina alwalar?"

Ya ce, "Nazifi, in ya zo kaina, mijin wa zai ce? Matata ta rasu tun ba a haife ka ba. Baban wa zai ce? Ka san Sale, yaron kirki ne, zai tsaya yana lalube a gaban mutane. Gara na rage masa aiki."

Na koma ciki, na bar shi jikin tagar.

Mako na zagayowa na ja Sale gefe muka ƙulla. Ana zuwa layin gaba Baba ya yunƙura, ni kuwa na take gefen babbar rigarsa da ƙafa, na kafe.

"Ɗaga min riga, ɗan nema!"

"Ban ji ba, Baba, kunnena ya lalace."

Kafin ya fizge Sale ya saki murya: "Tanimu mai allurar zinare, Tanimu baban Nazifi!" Zaure ya ɗauka, aka maimaita, aka sake. Baba ya koma ya zauna a hankali, ya ƙura wa ƙasa ido. Da aka gama ya laluba aljihu, ya miƙa wa Sale goro guda, cikakke, bai fasa ba. Sannan ya ce, "Har yanzu tsirkiyar ƙasan nan ba ta yi ba." Amma daga ranar alwala ta daina kama shi.

Da damina ya kwanta ciwo, bai daɗe ba ya rasu. Bayan an dawo daga maƙabarta mutane suka tsaya cirko-cirko a ƙofar gidansa, an rasa wa za a yi wa gaisuwa. Sai Malam Bitrus ya dafa kafaɗata ya tura ni kan tabarma. Aka yi layi, ana miƙo min hannu, "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?" Ni da ko unguwar ba tawa ba.

Kujerar tana ɗakina. Yau na rataya rigar da aka zane a kanta, na ce, Baba, ɗanka ya gama.

Allah Ka ji ƙan Baba Tanimu, Ka haɗa shi da matarsa, Ka zaunar da shi inda ba zai sake tsayawa a bayan taga ba. Amin.