Buhun Ganyen Matata

A da, a wajenmu a gindin dutsen Kagoro, ba a zuwa gaida marar lafiya hannu sake. Kowa da ganyensa, kuma ƙin sha cin fuska ne. Yanzu ma ana kawowa, sai dai a gidana ganye kan fara zuwa asibiti kafin ya shiga tukunya.

Na yi aiki a Indiya da Habasha. A Indiya na ga likita yana tambayar mutum saiwar da yake sha kafin ya rubuta masa ƙwaya. Na yaba, na dawo gida na manta.

Matata ta gama ƙarin ruwan maganin kansar nono. Cutar ta tafi, amma maganin ya raunana mata zuciya. Ita da ke jan waƙa a zumuntar mata, tudun coci ma sai ta tsaya sau uku tana haki. Likitarta a Kafanchan ta ɗora ta kan ƙwayoyi, har da na tsinka jini.

Matan zumunta suka yi ta zuwa da citta, tafarnuwa, zogale, ganyen gwanda. Tana shanye duka don kada wata ta ce an raina nata. Ni ne ma mai dafawa. Sai ta fara haɓo.

Ɗanmu ya bugo waya, wai akwai dashen ƙwayoyin halitta masu gyara tsokar zuciya. Na tambayi likitar.

"Baba, wannan har yanzu gwaji ake yi," in ji ta. "Ni dai me Mama ke sha a gida?"

Washegari muka juye wa likitar buhun ganyen a tebur. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Mama, kasuwa kika kwaso mini?"

"'Yata, yaya zan sha na matar fasto in bar na maƙwabciyata?"

Likitar ta ware citta da tafarnuwa gefe, ta ce yawansu na ƙara wa ƙwayar tsinka jinin ƙarfi. Zogale kuwa a zuba a miya.

Matata da bakinta ta gaya wa matan. Ba wadda ta yi fushi, sai gardamar ganyen wa ya ci jarrabawa. Haɓon ya tsaya. Bayan wasu watanni ta hau tudun da hutu ɗaya, ta ja waƙa, ina bayan coci ina tafi kamar yaro.

Tun daga lokacin, duk wadda ta kawo ganye gidanmu da kanta take cewa, "A nuna wa likita tukuna."